Robar da Ta Raba Inji da Jikin Mota

Har zuwa ƙarshen shekarun 1920, yawancin masu ƙera motoci da noti suke ɗaure inji a jikin shasi, ƙarfe kan ƙarfe. Duk girgizar da injin ya yi sai ta bi ta kujera da sitiyari ta isa ƙashin direba. Injin mai silinda huɗu ya fi kowane laifi, kuma shi ne na talaka. Mai hali yakan sayi mai shida ko takwas ya huta.

A 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da Plymouth PA da wata dabara da ya raɗa wa suna Floating Power. An ɗora injin a kan mazaunan roba biyu kacal, ɗaya can sama a gaba, ɗaya ƙasa a bayan giyabos, ta yadda layin da ya haɗa su ya ratsa tsakiyar nauyin injin. Maimakon a hana shi motsi, sai aka bar shi ya yi lilo a kan wannan layi, wani ɗan sifirin yana taka masa birki kada ya wuce gona da iri. A shekarar Plymouth ta hau matsayi na uku a ciniki, bayan Chevrolet da Ford, ga kuwa tattalin arziki ya durƙushe. A 1932 Citroën ta Faransa ta sayi izinin amfani da dabarar.

Wannan lissafi ne ke tashi sabo duk ranar da aka sauya wa tsohuwar mota inji. A Habana, inda takunkumin Amurka ya yanke kayan gyara tun farkon shekarun 1960, Chevrolet ɗin shekarun 1950 da dama yau da injin dizal suke jigilar fasinja. Sabon inji na da nauyinsa da tsakiyarsa, ga shi dizal ya fi jijjiga in mota na tsaye, don haka tsoffin mazaunai ba su da amfani, sai an yanka ƙarfe an yi walda. Robar da ta cika tauri takan mayar da girgiza cikin shasi har waldar ta tsage. Wadda ta cika laushi kuwa takan bar inji ya karkata, fanka ta ci lagireto. In aka kuskure kusurwar inji da ɗigiri kaɗan, mahaɗan farfela ne ke fara lalacewa.