Daga Humen zuwa Hague: Yadda Gwamnatoci Suka Fara Haɗa Kai kan Miyagun Ƙwayoyi

Duk ranar 26 ga Yuni muna jin jawabai a kan yaƙi da miyagun ƙwayoyi, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san asalin ranar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da ita a 1987, kuma tana tuna mana da wani jami'in ƙasar Sin mai suna Lin Zexu. A watan Yunin 1839, a garin Humen, ya sa aka zuba ofiyom sama da akwati 20,000 cikin ramuka, aka cuɗa da gishiri da farar ƙasa, aka kora cikin teku. Ofiyom wani ƙaro ne da ake tatsa daga jikin wani fure, kuma daga gare shi ake yin hiroyin.

Akasarin kayan nan na 'yan kasuwar Birtaniya ne, a Indiya aka noma su ƙarƙashin mulkin Turawa. Birtaniya ta mayar da martani da jiragen yaƙi. Sin ta sha kaye, ta miƙa tsibirin Hong Kong a 1842, kuma a lokacin yaƙi na biyu aka halatta shigo da ofiyom a 1858. Wato a wancan zamani gwamnati ce uwar fataucin, domin kuɗin ofiyom kaso ne mai tsoka a baitulmalin Indiya. Lin Zexu yana da gaskiya, sai dai shi kaɗai ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai da aka shafe kusan shekara 70 kafin al'amura su juya. A 1906 Sin ta ba da dokar kawar da ofiyom cikin shekara goma. A 1907 Birtaniya ta amince za ta riƙa rage abin da Indiya ke turawa da kashi ɗaya cikin goma duk shekara, muddin Sin ta rage nomansa a gida. Kowane ɓangare ya yi asarar kuɗin shiga, kuma zuwa 1913 cinikin ya tsaya, tun kafin wa'adin ya cika.

Ana cikin haka Amurka ta kira taro a Shanghai a 1909, ƙasashe 13 suka halarta. Shawarwari kawai suka bayar. Yarjejeniyar farko mai ƙarfin doka an sa mata hannu ne a birnin Hague ranar 23 ga Janairun 1912, ta kuma haɗa da mofin da hodar iblis. Ko ita ma ƙasashe sun yi ta jan ƙafa, kowacce na tsoron ta daina sayarwa maƙwabciyarta ta cinye kasuwar. Sai a 1919 aka cusa ta cikin yarjejeniyar Versailles wadda ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta zama dole a kan masu sa hannu. A kan wannan tubali aka gina yarjejeniyoyin 1961 da 1971 da 1988, kuma shekara ɗaya bayan ta ƙarshen Najeriya ta kafa hukumar NDLEA.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Tiramadol ɗin da ya addabi matasanmu ba ya cikin jerin ƙwayoyin da waɗannan yarjejeniyoyi suka ƙayyade, kuma akasarinsa daga Indiya yake fitowa. Sai a 2018 Indiya ta sanya shi ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. Jami'anmu za su iya ƙona tan-tan na ƙwaya kamar yadda Lin Zexu ya lalata nasa, mu tafa musu. Amma abin da ya tsayar da ofiyom a 1913 shi ne amincewar mai sayarwa ya haƙura da riba, da amincewar mai saye ya gyara gidansa. Idan shugabanninmu suka dawo daga taro da sabuwar yarjejeniya, mu tambaye su me kowane ɓangare ya yarda zai rasa.