Kamara a Kafaɗa: Gadon da Ɗaliban Fim na Adar Suka Taras

Duk ɗalibin da ya zo mana da takardar tsarin fim ɗinsa, da jerin kayan aiki yake farawa: ƙafar kamara, layin tura kamara, jirgin ɗaukar hoto daga sama. Mu da muka daɗe a wannan sana'a mun san cewa sinimar Nijar ba ta taso da ko ɗaya daga cikinsu ba.

A tafiyarsa ta 1946 zuwa 1947, mai shirya fim Jean Rouch yana bin kogin Kwara cikin kwalekwale ya rasa ƙafar kamararsa. Abin da ya rage masa shi ne ƙaramar Bell & Howell mai milimita 16, wadda ake yi wa wani da hannu, ba ta kai rabin minti sai ta tsaya. Dole ya riƙe ta a hannu, kuma kafin ya gama wani ya riga ya yanke inda zai tsaya a ɗauka ta gaba. Daga nan aka koyi tunani kafin a danna. Da kamara mai tafiya tare da sauti ta samu, sai ya yi Tourou et Bitti a Simiri a 1971: ɗauka guda ta kusan minti 10, yana tafiya da ƙafa daga bakin gari har tsakiyar makaɗa.

Oumarou Ganda, wanda ya fara da fitowa a Moi, un noir na Rouch, ya ɗauki wannan ƙarancin kaya ya yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Amma mu mutanen jihar Tawa, malaminmu Moustapha Alassane ne. Makanike ne tun asali, hannunsa ya saba da kwancewa da ɗaurawa. Ya je Kanada ya ƙaro sani wurin mai shirya fim Norman McLaren, kuma a 1966 ya fitar da fim biyu masu hali daban. A Le Retour d'un aventurier dawaki ne ke sukuwa, kamara tana biye da su. A Bon voyage Sim kuwa kamara kafe take, zanen kwaɗi ne ke motsi, hoto ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya zauna a Tawa, ya buɗe otal, ya kafa ɗakin aikinsa a can har rasuwarsa a 2015. Rouch kansa a jiharmu ya rasu, kusa da Birnin Ƙonni, a hatsarin mota na 2004.

Zamanin bidiyo ya sauƙaƙa kaya. Sani Magori, ɗan Galmi, ya ɗauki manoman garinsu a Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008, ya biyo da Koukan Kourcia, inda ya bi sawun 'yan cirani har Abijan. Ƙarfin finafinansa yana ga haƙurin zama da mutane har su manta da kamara. A Yamai kuma makarantar IFTIC ta yaye masu shirya fim irin su Aïcha Macky.

To, ɗalibin da zai yi ɗauka a Tama, ko Buza, ko Keita, ya sani ƙasar Adar duwatsu ce, layin tura kamara ba ya shimfiɗuwa a kanta. Ya taka wurin da ƙafarsa tun jajibere, ya ƙirga takunsa, ya kawar da tsakuwa. Ya zaɓi hantsi ko la'asar, don hasken tsakar rana yana ƙone fuska. A lokacin hunturu ya rufe gilashi saboda ƙura, ya naɗe makirfo saboda iska, ya tanadi batir na biyu. Baro ko amalanke suna iya tafiyar da kamara a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya idan aka rage iskar taya.

Kafin duk wannan, ya rubuta a gefen kowace ɗauka dalilin motsinta: wa take bi, me za ta bayyana in ta isa. Inda ya kasa rubuta dalili, ya bar kamara a tsaye. Jerin kayan aiki sai ya zo a shafin ƙarshe, kuma galibi a lokacin ya riga ya gajarce.