Hanyoyin Sadarwar Gwamnati da Haƙƙin Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu: Nazari Daga Dakoro

Wannan maƙala tana bin diddigin tambaya guda: wace ƙungiya ce ta cancanci hawa layin sadarwar da gwamnati ta shimfiɗa da kuɗin al'umma? An zaɓi Dakoro, mai nisan kusan kilomita 120 arewa da birnin Maraɗi a Nijar, domin a can lamarin ya faro ne a baibai. Hukuma ce ta fara jingina da na'urorin ƙungiyoyi.

A lokacin yunwar 2005, sa'ad da cibiyoyin Médecins Sans Frontières suka cika da yara masu tamowa, ƙungiyar Télécoms Sans Frontières ta Faransa ta kafa wurin sadarwa ta tauraron ɗan'adam a Dakoro domin masu aikin agaji. Daga baya ta haɗa wasu garuruwa masu nisa da ofishin gargaɗin gaggawa na ƙasa, wato SAP, a Yamai. Kafin nan, takardar da ke ɗauke da farashin tiyar hatsi ko halin makiyaya sai ta jira motar da za ta gangara Maraɗi, ta yi makonni a hanya. Kafin ta isa teburin mai yanke shawara, farashin ya riga ya tashi, makiyayi ya karyar da saniyarsa a kasuwa da kuɗin da bai kai na buhu ba.

A 2005 ɗin ce kuma yarjejeniyar Tampere ta 1998 ta fara aiki. Muhimmancinta shi ne ta sa ƙungiyoyi masu zaman kansu cikin waɗanda za a sauƙaƙa wa shigo da kayan sadarwa lokacin bala'i. Sai dai fari a kwarin Tarka na yankin Dakoro ba ya aiko da sanarwa, sannu a hankali yake shigowa, kuma aikin sa ido a kansa na kullum ne.

Yau hannun gwamnati ya fi ƙarfi. A 2016 aka haɗe kamfanonin sadarwa na SONITEL da SahelCom suka zama Niger Telecoms. A 2018 aka yi sabuwar dokar sadarwa, aka kafa hukumar ARCEP mai sa ido kan harkar. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin kai rezo ƙauyuka, wanda aka damƙa wa hukumar ANSI gudanar da shi. Ƙungiyoyi kuwa sun daɗe suna samun rajista ƙarƙashin dokar 1 ga Maris 1984.

Rajista tana nuna cewa ƙungiya halattacciya ce, amma ba ta auna amfanin aikinta. Nan ne gizo ke saƙar. Babbar ƙungiyar ƙasashen waje tana iya sayen eriyarta ta biya kuɗin wata ba tare da ta ji a jika ba. Wadda ke buƙatar layin gwamnati ita ce irin AREN ta makiyaya, wadda mambobinta ke bin rijiyoyi da burtali har Bermo da Gadabeji, ko BEFEN da ke kula da yara masu tamowa tare da ƙungiyar ALIMA, ko kwamitin ƙauye da ke karanta ma'aunin ruwan sama bayan kowane hadari ya aika da sakamakon ta salula. Bayanan da suke tarawa, hukuma ce ke fara cin moriyarsu.

Damuwar hukuma game da tsaro gaskiya ce, ba a raina ta ba. Layin da ke ɗauke da sirrin mulki ba a buɗe shi ga kowa. Amma ana iya ware wa ƙungiyoyi nasu ɓangaren, bisa yarjejeniya a rubuce: rajista mai aiki, rahoton kuɗi na shekara, da alkawarin miƙa bayanai ga ofisoshin gunduma.

Hukuncin wannan nazari shi ne a ɗora cancanta a kan hidimar da ƙungiya ke yi wa jama'a, a wallafa sharuɗɗan da Hausa da Fulatanci da Tamashek, kuma a fara gwajin tsarin a Dakoro.