Tula da duwatsun kudancin Gombe: Abin da mai niyyar tattaki ya kamata ya sani

Idan aka yi zancen garuruwan kan dutse da mutane ke zuwa yawon buɗe ido, hankalin da yawa yakan tafi tsaunukan Alps na Turai, ko tsaunin Mambila a jihar Taraba, ko Jos. Amma mazaunin unguwar Bolari da ke cikin birnin Gombe zai iya fita bayan sallar asuba, ya isa garin Tula da hantsi, ya taka duwatsunsa da ƙafa, ya kuma kwana a gidansa. Wannan bayani ya tattara abubuwan da suka shafi wurin: inda yake, tarihinsa, abin da ake gani, lokacin da ya dace a je, da haɗarin da ya wajaba a kiyaye.

Inda Tula take

Tula tana cikin ƙaramar hukumar Kaltungo, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar Gombe, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Bauchi a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tazararta da birnin Gombe ta kai kimanin kilomita 100. Matafiyi zai bi babbar hanyar Gombe zuwa Yola, ya wuce Kumo da Billiri ya isa Kaltungo, sannan a gaba ya ratse ya kama hanyar da ke haurawa kan tudun.

Manyan sassan Tula uku ne: Wange da Baule da Yiri. Sarkin ƙasar ana kiransa Mai Tula, fadarsa kuma tana Wange. Harshen Tula yana cikin rukunin harsunan Adamawa, tare da Waja da Dadiya da Cham, alhali Tangale da ke maƙwabtaka da su yana cikin dangin harsunan Cadi, wato dangin da Hausa da Bolanci suke ciki. Saboda haka a wannan ɗan yanki manyan iyalan harsuna biyu na Afirka suka haɗu. Hausa ce harshen kasuwa da na hulɗa, don haka baƙo ba zai rasa mai fahimtarsa ba.

Yadda duwatsun suka samu

Kudancin Gombe yana cikin babban kwarin Binuwai, wanda masana ilimin ƙasa suka ce ya samu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu. Ruwa ya yi ta zuba yashi da laka a cikin kwarin, suka daskare suka zama dutse. Irin wannan dutsen yashi ne masana suka sa wa sunan Bima, daga Dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa, kuma shi ne ya mamaye wurare da yawa na yankin.

Akwai kuma wani nau'i na daban. Dutsen Tangale, wanda matafiyi ke hangowa tun daga nesa a tsakanin Billiri da Kaltungo, ragowar maƙogwaron dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutse ya daskare a cikinsa, ruwa da iska suka zaizaye abin da ke kewaye da shi, shi kuwa ya rage a tsaye. Wannan bambanci yana da amfani ga mai tattaki. Tudun Tula yana da shimfiɗaɗɗen kai da hanyoyin ƙafa da mutane suka daɗe suna bi, amma irin Dutsen Tangale gefensa a miƙe yake, ba na sabon shiga ba ne.

Dalilin zama a kan dutse

Al'ummomin wannan yanki ba don sha'awar kallo suka hau dutse ba. A ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙe da hare-haren neman bayi, dutse ne garkuwarsu, domin doki ba ya iya hawan inda mutum ke rarrafawa. Masarautar Gombe, wadda Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin 1804, ta mallaki filayen arewa, amma yawancin mutanen duwatsun kudu sun ci gaba da riƙe 'yancinsu har zuwan Turawa.

A zamanin mulkin mallaka Turawan Ingila suka mayar da Tula cibiyar mulkin yankin Tangale-Waja, suka gina ofisoshi da gidan yari a can. Bayan da zaman lafiya ya samu, al'ummomi da yawa na yankin suka sauko daga duwatsu suka kafa garuruwa a fili kusa da hanyar mota. Mutanen Tula kuwa da yawansu suka ci gaba da zama a sama, shi ya sa mai ziyara yake tarar da gari mai rai, da kasuwa da makarantu da masallatai da majami'u.

Gonaki hawa-hawa

Abin da ya fi cancantar kallo a Tula shi ne aikin hannun manoma. A gangaren dutse ruwan sama yana gudu da ƙarfi, yana kwashe ƙasa mai albarka. Maganin da magabata suka samo shi ne jera duwatsu su zama ƙananan katangu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kamar matakalar bene. Kowace katanga tana tare ƙasa, tana rage gudun ruwa, tana ba shi lokacin nutsewa. A bayanta sai a sami ɗan fili da ake shuka dawa da gero da wake da gyaɗa, ana ƙarfafa shi da takin dabbobi da tokar gida.

Wannan fasaha ba a Tula kaɗai take ba. A Sukur, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, irin waɗannan gonaki da hanyoyin da aka shimfiɗa da dutse ne suka sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, karo na farko da Najeriya ta samu wannan matsayi.

Katangar dutse tana buƙatar gyara kowace shekara. Idan dutse ɗaya ya zame aka bar shi, ruwan damina zai bi ta gurbin ya buɗe rami, ramin ya cinye hawan da ke ƙasa da shi. Don haka baƙon da ya taka kan katanga domin ɗaukar hoto, ko ya ture dutse don wasa, yana iya lalata aikin da wani iyali ya gada daga kakanni. Ƙa'ida ita ce a bi hanyar da masu gari ke bi.

Lokacin da ya dace

Damina a wannan yanki tana farawa wajen Afrilu ko Mayu, ta ƙare a Oktoba. A lokacin ne duwatsu suke yin kore shar, amma dutse yana santsi, ciyawa tana rufe hanya, rafuka kuma suna iya cika cikin ɗan lokaci. Wanda hadari ya riske shi a kan tudu ya sauka zuwa ƙasa-ƙasa, kada ya fake ƙarƙashin bishiyar da take tsaye ita kaɗai, saboda tsawa.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ƙasa ta bushe, zafi ya ragu, sauran kore bai gama tafiya ba. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa. A tsakiyar hunturu hazo yana rufe nesa, sai mutum ya sha wahalar hawa bai ga komai ba. A watannin Maris da Afrilu zafi yana kaiwa kusan digiri 40 a ƙasar Gombe, tattakin rana a lokacin ganganci ne.

Iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Saboda haka saman Tula ya fi Gombe daɗin iska, amma kada a zaci sanyin Mambila, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, kuma a yankinsa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419.

Maciji

Babban haɗarin yankin ba faɗuwa ba ce, maciji ne. Ƙasar Kaltungo da kewaye ta yi suna wajen yawan kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƙaramar macijiya ce mai launin ƙasa, tana ɓuya a ƙarƙashin duwatsu da busasshiyar ciyawa, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Yawan cizon ne ya sa aka kafa asibiti na musamman domin jinyar saran maciji a Kaltungo, inda ake kawo majinyata daga jihohin maƙwabta. An fi samun cizo a lokacin shuka da lokacin girbi.

Mai tattaki ya sa rufaffen takalmi mai kauri da dogon wando, ya riƙe sanda, kada ya cusa hannu a cikin rami ko ƙarƙashin dutse, kada kuma ya yi tafiyar dare babu tocila. Idan tsautsayi ya faɗa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau. A cire zobe ko agogo kafin kumburi, a hana wanda aka sara yawan motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Jinkirin da ake yi wajen gwada maganin gida shi ne yake cin rayuka, domin mutum yana iya jin kamar lafiyarsa ƙalau alhali jini yana tsiyaya a cikinsa.

Shirin tafiya

Masu hawan dutse suna da wani lissafi da aka daɗe ana amfani da shi tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wanda bai saba ba, ko yake tare da yara, ya ƙara lokaci a kan haka. A fara da sassafe, a ƙayyade lokacin juyowa, kowane mutum ya ɗauki ruwa aƙalla lita biyu, da hula, da ɗan abin taɓawa kamar dabino ko ƙuli-ƙuli. A bar wa wani a gida bayanin inda aka nufa da lokacin dawowa, a kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin a tashi.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta gaji, hankali kuma ya koma gida. Tarihin hawan dutse ya tabbatar da haka. Mutum bakwai da suka fara kaiwa ƙololuwar Matterhorn a Suwizalan ranar 14 ga Yuli, 1865, huɗu daga cikinsu a hanyar saukowa suka rasu.

Ladabin baƙo

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya isa Tula ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi a haɗa shi da ɗan jagora daga cikin matasan gari, a yi ciniki kafin a tashi. Ɗan gari ya san hanya, ya san inda ruwa yake, ya kuma san wuraren da al'ada ta keɓe waɗanda ba a shiga ba tare da izini ba. A nemi yardar mutum kafin a ɗauki hotonsa ko na gidansa. Ba a ɗaukar hoton gidan gyaran hali ko na jami'an tsaro. Leda da robar ruwa a dawo da su a jaka, kada kuma a kunna wuta a daji da rani.

Abin da za a koya daga wasu ƙasashe

Ƙauyukan Alps ba su fara da otal-otal ba. Makiyaya da manoma ne suke zaune a cikinsu, hanyoyin da baƙi ke bi a yau kuma asalinsu hanyoyin shanu da na kasuwa ne. Suwizalan tana da hanyoyin tattaki masu alama da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 65,000. Allunansu rawaya ne, suna nuna sunan wuri da yawan lokacin da tafiyar za ta ci, hanyoyin da suka fi wuya kuma ana shafa musu fenti fari da ja a jikin dutse. Garin Zermatt, da ke gindin Matterhorn, ya hana motocin fetur shiga, baƙi da jirgin ƙasa suke isowa.

Daga cikin waɗannan, allo da fenti da horar da 'yan jagora ba su buƙatar kuɗi mai yawa, kuma ƙaramar hukuma da masarauta da ƙungiyoyin matasa za su iya yinsu. Amfanin yana komawa ga mai masauki da mai sayar da abinci da ɗan acaɓa da manomin da yake gyara katangarsa.

Wanda ya gama da Tula yana da sauran wurare a jihar. Akwai Dutsen Kilang a ƙasar Kaltungo, da Dutsen Bima kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola, gabas da birnin Gombe. Mai sha'awar tarihi kuma yana iya nufar arewa zuwa Burmi a ƙaramar hukumar Funakaye, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu a yaƙi da Turawa a watan Yulin 1903. Kowanne daga cikinsu tafiyar yini guda ce daga Bolari, ga wanda ya yi sammako kuma ya yi shiri.