Wa ke riƙe mana yara? Tarihin raino daga gidan gandu zuwa ofis

Ranar Litinin ta makon jiya, kafin ƙarfe bakwai na safe, wata ƙawata ma'aikaciyar banki ta turo saƙo a zaurenmu na WhatsApp. Yarinyar da ke taya ta aiki ta tafi ƙauye yin Salla ba ta dawo ba, ƙaramin ɗanta ya kwana da zazzaɓi, mijinta yana Abuja, ga taron ƙarfe tara da ba ta isa ta ƙi zuwa ba. Muka yi ta jero mata sannu da addu'a. Can sai wata ta ce: "Wai ni kam, yaya iyayenmu suka yi da 'ya'ya takwas-takwas, mu biyu sun gagare mu?"

Amsar da tarihi ke bayarwa ita ce ba su kaɗai suka yi ba. A ƙasar Hausa, raino bai taɓa zama aikin mutum biyu ba sai a zamaninmu.

Shaidar da ta fi kowace bayyana wannan ta fito ne daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951. Baturiya Mary Smith ta zauna da ita a Giwa tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta labarin rayuwarta, littafin kuma ya fito a 1954. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ɗakinta bai rabu da yara ba. 'Yan uwa sun ba ta riƙo, ta raina, ta aurar. A duniyar da ta bayyana, yaro kan tashi a hannun gwaggo, ko kaka, ko kishiyar uwa, ba wanda ke ganin haka a matsayin gazawar mahaifiyarsa.

Al'adun da muke yi wa kallon camfi a yau, idan aka duba su da kyau, hanyoyi ne na raba nauyi. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan jego na kwana arba'in tsofaffi suna kula da ita da jaririn. Idan yaro ya kusa shekara biyu, a kai shi yaye wurin kaka. Kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, ita ma tana miƙa shi ga wasu hannuwa tun yana ƙarami. Ga kuma gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza da matansu ke noma gona ɗaya, ana karɓa-karɓar girki.

Har ƙawance ma yana da ƙa'ida. Baba ta bayyana yadda mata ke ƙulla shi a fili: idan biki ya sami ɗaya, ɗayar za ta kawo gudummawa, in nata ya zo a mayar mata da ƙari. Ƙawa a wancan lokaci mai ɗaukar nauyi ce, kamar 'yar uwa ta jini.

Kada kuma a ɗauka matan da ba sa aiki. Suna kaɗi, suna matsar man gyada, suna yin ƙuli-ƙuli da fura da ƙosai na sayarwa. Bambancin shi ne wurin sana'a da wurin raino duk tsakar gida ɗaya ce. A ƙarshen shekarun 1970, masaniyar halayyar al'umma Enid Schildkrout ta yi bincike a cikin birnin Kano, ta nuna cewa cinikin matan kulle ya rataya ne a kan yara: su ke talla, su ke zuwa aike, su ke goyon ƙanne. Yaro a wannan tsari mataimaki ne tun yana ɗan shekara shida ko bakwai.

Abubuwa uku suka warware wannan saƙa. Na farko aikin albashi, wanda ya faro da ofisoshin En'e da na gwamnatin mulkin mallaka bayan 1903, ya zo da agogo, ya kuma raba wurin aiki da gida. Na biyu makarantar boko, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wadda ta ɗauke yaran da ke goyo da aike ta zaunar da su a aji, daga baya ta mayar da 'yan matan cikinsu malamai da likitoci da 'yan jarida. Na uku canjin wurin aiki da gidan haya: ma'aikaci ya bar Katsina ko Gumel ya tare a Kaduna ko Abuja, cikin gida mai ɗaki uku da get a kulle, kaka tana nisan tafiyar yini.

Ba na cewa a koma baya. Tsohon tsarin yana da nasa zaluncin. Gidaje irin na mahaifin Baba suna da bayi a rinji. 'Yan riƙo da yawa sun sha wuya a hannun da bai ƙaunace su ba, talla kuma ta hana 'yan mata masu ɗimbin yawa karatu. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye take goyon 'ya'yanmu yayin da sa'o'inta ke makaranta ragowar wannan tarihi ce, kuma ya kamata ta dame mu.

Doka ta yi ƙoƙarin cike gurbin, amma a hankali. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mai jego mako 12 da aƙalla rabin albashi, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Legas a 2014 da Kaduna a 2019 sun ƙara wa ma'aikatan gwamnatinsu zuwa wata shida, gwamnatin tarayya kuma ta amince wa maza da kwana 14 a 2021. Sai dai yaro ba ya gama buƙatar hannu a wata shida, kuma har yanzu a yawancin gidajenmu idan ya kwana da zazzaɓi, uwar ce ke neman izini a ofis.

Saboda haka gajiyar ƙawata ba ragwanci ba ce. Aikin da mata biyar ko shida suke yi a tsakar gida ɗaya ne ya faɗo kanta, ga na banki a sama. Zauren da muke fira a cikinsa ya gaji sunan ƙawance, amma bai gaji nauyinsa ba, ga shi Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. A ranar dai, ɗaya daga cikinmu da ke hutun ƙarshen shekara ta ajiye waya, ta tuƙa mota daga Hotoro zuwa Kabuga, ta zauna da yaron har la'asar. Tun daga nan muka fara rubuta ranakun hutun kowa a zauren, don mu san wadda za a kira idan irin haka ta sake faruwa.