Daga Khartum zuwa Kano: Tarihin Hulɗar Ilimi Tsakanin Sudan da Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi dangantakar ilimi da ta haɗa makarantun Sudan da na Arewacin Nijeriya tun daga kafuwar Makarantar Shari'a ta Kano a 1934 har zuwa ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023. Ta nuna cewa Turawan mulkin mallaka ne suka ƙulla dangantakar don biyan buƙatarsu, amma ta girma ta wuce abin da suka nufa, domin an gina ta a kan malaman da suka zauna suka yaye magada. Ba ta kai ga balaga ba sai da kowane ɓangare ya sami abin koyo wurin ɗan'uwansa.

Gabatarwa

A wannan zamani da wuya mako ya shuɗe ba a ji wata jami'a ta rattaba hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna da takwararta ta ƙasar waje ba. Akan yi musafaha, a ɗauki hoto, a yi jawabai, sannan da yawa daga cikin takardun su kwanta a ma'ajiya har wa'adinsu ya ƙare. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: me ke sa wata hulɗa ta rayu ta haifi malamai da littattafai, wata kuma ta mutu tun tawadarta ba ta bushe ba? Tarihin Kano da Khartum yana da amsa, domin hulɗa ce da ta yi kusan shekara casa'in, kuma ana iya bin sawunta mutum bayan mutum.

Tsohuwar Hanya da Sabon Shinge

Neman ilimi a gabas ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka ɗauki nauyinta a Alƙahira a ƙarni na 13, kuma Azhar ta daɗe da ware masauki na musamman ga ɗaliban Barno. Hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta ratsa Barno da Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, ita ce kuma hanyar littattafai da ijazozi. Bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar.

Wannan hanya ce ta tsone wa Ingilishi ido. Sun ga yadda kiran Mahadin Sudan ya sami karɓuwa wurin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, sun kuma ɗanɗana boren Satiru a 1906. Daga 1919 wani tsoron ya ƙaru, wato kishin ƙasa da ya tashi a Masar, wanda ɗaliban Azhar suke sahun gaba a cikinsa. Sai dai mulkin da suka shimfiɗa a Arewa ya dogara ne ga kotunan alƙalai, kotunan kuwa suna buƙatar masu ilimin fiƙihu da za su iya ajiye rajista su rubuta hukunci a tsare. Saboda haka suna buƙatar malaman Larabci daga waje, amma ba daga Alƙahira ba.

Sudan ce ta warware musu matsalar. Tana ƙarƙashin ikonsu tun 1899, mafi yawan mutanenta Malikawa ne kamar na Arewa, kuma Kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902 tana da sashen horar da alƙalai. Bayan kashe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira a 1924, an sallami sojojin Masar da ma'aikatanta da yawa daga Sudan, har da malaman makaranta. A ganin Ingilishi, ruwan Khartum tatacce ne, ana iya shayar da Kano shi ba tare da fargaba ba.

Makarantar Shari'a ta Kano

A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa, aka ɗauko mata malamai uku daga Sudan: Shaikh Bashir al-Rayyah, da Shaikh Muhammad Salih Siwar al-Zahab, da Shaikh al-Nur al-Tinƙari. Abin da suka kawo ba sabon fiƙihu ba ne. Risala da Mukhtasar da Tuhfa sanannu ne a zaurukan Kano tun ƙarnoni. Sabon abu shi ne tsari: aji mai lokacin shiga da na fita, manhaja mai shekaru ƙididdigaggu, jarrabawa a rubuce, da shahada a ƙarshe. Abu mafi tasiri kuma shi ne koyar da Larabci a matsayin harshen magana da insha'i, ba harshen da ake fassara shi kalma bayan kalma kaɗai ba.

Wannan tsari bai shiga ba tare da turjiya ba. A wurin malaman zaure, sanin mutum yana bayyana ne ta littattafan da ya sauke da malaman da ya durƙusa gabansu, takardar shaida kuwa abin Nasara ce. Amma da ɗaliban makarantar suka fara cike kujerun alƙalanci da koyarwa, sai ta zama ƙofar da mai ilimin addini ke bi ya shiga aikin hukuma. A 1947 aka faɗaɗa ta, aka sauya mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci, wadda jama'a suka fi sani da SAS, ta koma horar da malaman makaranta tare da alƙalai.

A nan darasi na farko yake. Malaman Sudan ba ziyarar mako biyu suka kawo ba. Sun zauna shekaru, sun yi sallah a masallatan gari, sun san ɗalibansu da sunayensu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma wannan hulɗa ta tsaya ne a kan ƙafafun mutanen da suka tako suka zauna.

Bakhtur Ruda

Mataki na biyu shi ne tura ɗalibai. A farkon shekarun 1950 samarin da SAS ta yaye suna kwaɗayin Azhar, hukuma kuwa ba ta so. Masar ta shiga juyin juya hali a 1952, tsoron Ingilishi ya ninku. Sai aka zaɓi Cibiyar Horar da Malamai ta Bakhtur Ruda, kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, wadda aka kafa ita ma a 1934. Ƙauye ne nesa da hayaniyar siyasar birni, wannan kuwa yana cikin abin da ya sa ta dace da nufin hukuma. A 1954 aka tura rukunin da ya haɗa da Abubakar Mahmud Gumi, da Haliru Binji, da Shehu Ahmad Sa'id Galadanci, da Hassan Gwarzo.

Lissafin Turawa bai fita yadda suka so ba. Samarin sun isa Sudan tana jajibirin samun 'yancin kai, wanda ya tabbata a ranar 1 ga Janairu 1956, sun ga 'yan ƙasa masu magana da Larabci suna karɓar ofisoshi daga hannun Bature. Sun dawo da yaƙinin cewa mai ilimin Larabci yana iya riƙe kowane muƙami. Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa. Binji ya rubuta Ibada da Hukunci, littafin da ya shiga makarantu da gidaje. Gwarzo ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano. Galadanci ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero, sannan ya zama shugaban Jami'ar Sakkwato na farko a 1975. Shingen da aka kafa don tsare su ya zama tsani.

Ko a fagen doka an ji hannun Sudan. Alƙalin Alƙalanta, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin masana da ya duba tsarin shari'ar Arewa a 1958, kuma kundin dokokin laifuka da aka kafa bayan haka an ɗora shi ne a kan na Sudan.

Daga Makaranta zuwa Jami'a

A wancan lokaci akwai wani salon hulɗa da ya mamaye ƙasashen da Ingila ke mulka, wato dangantaka ta musamman da Jami'ar Landan. Kwalejojin Ibadan da Khartum da Makerere suna koyarwa, Landan tana tantance manhaja da jarrabawa, ita ke ba da digiri. Khartum ta fita daga wannan riƙo a 1956, Ibadan a 1962. Tsari ne da ya tsare inganci, amma dangantakar uwa da 'ya ce, ikon yana gefe ɗaya.

Hulɗar Kano da Khartum ta bi wata hanya. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a harabar SAS. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, kwalejin ta koma ƙarƙashinta da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, aka ɗora mata nauyin nazarin Larabci da addinin Musulunci. Wanda aka aro don ya aza harsashinta shi ne Farfesa Abdullahi al-Tayyib, shugaban Tsangayar Adabi ta Jami'ar Khartum, marubucin al-Murshid kan waƙoƙin Larabawa, wanda ya yi digirinsa na uku a Landan, ya kuma taɓa koyarwa a Bakhtur Ruda. Ya riƙe kwalejin daga 1964 zuwa 1966. Khartum ba ta ba da digiri a Kano ba, ba ta kuma mallaki manhaja ba. Mutum ta ba da aro, ya yi aiki, ya koma gida, iko ya zauna hannun masu gida. Kwalejin ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Lokacin da Malami ya Zama Ɗalibi

Har zuwa wannan mataki ruwa gefe ɗaya yake gangarowa: Sudan na bayarwa, Arewa na karɓa. Akwai ma wani abin takaici a bayan fage. Yayin da ake girmama malaman Sudan a Kano, Hausawa da Fulani da Barebari mazauna Sudan, waɗanda ake yi wa kuɗin goro da sunan Fallata ko Takarir, galibi an san su ne da ƙwadago a gonakin audugar Jazira, ba da ilimi ba.

Abin da ya sauya ma'aunin shi ne rubuce-rubucen malaman Sakkwato. A shekarun 1960 cibiyoyin Ibadan da Zariya suka duƙufa tattara littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi da Bello, aikin da ke buƙatar masu ƙarfin Larabci. Malaman Sudan da suka zo koyarwa sai suka tarar da taskar da babu irinta a gidansu, suka zauna suka zama ɗalibanta. Fathi Hasan al-Masri ya yi tahƙiƙin Bayan Wujub al-Hijra na Shehu a matsayin digirinsa na uku a Ibadan a 1968, Maɗaba'ar Jami'ar Khartum da ta Oxford suka buga shi a 1978. Muhammad Ahmad al-Hajj, malamin tarihi a Kwalejin Abdullahi Bayero, ya rubuta kundinsa kan aƙidar Mahadiyya a Arewacin Nijeriya a Jami'ar Ahmadu Bello a 1973. Ahmad Muhammad Kani ya yi nazarin tushen ilimi na jihadin Sakkwato da Turanci da Larabci. A can Khartum, Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta shirya babban taro kan tsakiyar Biladus Sudan a 1977, daga bisani kuma Al-Amin Abu Manga ya wallafa bincikensa kan harshen Hausa a Sudan a 1999.

Wannan shi ne darasi na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci. Hulɗa ba ta zama ta tsara da tsara sai kowane ɓangare ya san abin da yake da shi wanda ɗan'uwansa ba shi da shi. Arewa ba kuɗi ta bayar ba. Gadon malamanta ta shimfiɗa, shi ya jawo baƙo ya zauna ya yi karatu.

Yalwa da Jarrabawa

Daga baya ƙofofi suka yawaita. Azhar da Jami'ar Musulunci ta Madina suka buɗe wa ɗaliban Nijeriya, Sudan ta daina zama tilo. Duk da haka ba ta rasa matsayinta ba. Cibiyar Musulunci ta Afirka a Khartum, wadda ƙasashen Larabawa da dama suka haɗu suka ɗauki nauyinta, ta zama Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a 1992, ta karɓi ɗalibai masu yawa daga Nijeriya da Nijar da Cadi. Sannu a hankali likitanci da haɗa magunguna suka shiga sahun shari'a da Larabci cikin abin da ake tafiya nema. Sai dai yanayin dangantakar ya sauya: ɗalibai na tafiya da yawa, amma binciken haɗin gwiwa irin na zamanin al-Masri da al-Hajj bai yalwata daidai da yawansu ba.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Jami'o'in birnin suka rufe, gine-gine da ɗakunan karatu suka lalace, malamai suka watsu. An kwaso ɗaliban Nijeriya ta kan iyakar Masar da ta Fot Sudan, da yawansu karatu bai kammala ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna abubuwa uku da suka raya hulɗar Kano da Khartum: buƙata ta gaskiya wadda aka san sunanta, malamai da suka zauna har suka yaye waɗanda za su gaje su, da taskar gida da ta sa mai bayarwa ya zama mai karɓa. Ya kuma nuna cewa wanda ya zaɓa wa jami'a abokiyar hulɗa yana da nasa nufi, don haka wajibi ne ta san dalilin kowace ƙofa da aka buɗe mata da wadda aka rufe.

A yau ma'aunin ya juya. Jikokin ilimi na al-Rayyah da al-Tayyib su ne ke riƙe da tsangayoyin Larabci da shari'a a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, malaman Sudan kuwa suna neman inda za su koyar, ɗalibansu na neman inda za su ƙarasa. Kujerar malami mai ziyara, da amincewa da darussan da ɗalibi ya riga ya ci, da taimakon adana kwafin rubuce-rubucen da ke cikin haɗari, duk suna cikin ikon majalisun jami'o'in Arewa. Bashin 1934 da na 1964 ba a rubuta shi a wata yarjejeniya ba, amma lokacin biyansa ya yi.