Makantar Rafi a Jihar Taraba: Waiwaye a kan Talauci da Rabon Lafiya

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa cuta ba ta faɗa wa jama'a bai ɗaya. Tarihin makantar rafi a Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga Gongola a 1991, ya isa hujja.

Wani ƙaramin baƙin ƙuda ne ke yaɗa cutar, kuma a ruwa mai ƙarfin gudu yake hayayyafa. Saboda haka manoma da masunta na yankunan Bali da Gashaka suka fi ɗanɗana kuɗarta, domin abincinsu yana bakin kogi. Mazaunin Kachalla Sembe a Jalingo yana kusa da asibiti. Shi kuwa ɗan ƙauye tafiya ce mai nisa tsakaninsa da magani. Idan magidanci ya makance, sai yaro ya bar makaranta ya zama ɗan jagora, talauci ya zama gado.

Shirin yaƙi da cutar da aka fara a Afirka ta Yamma a 1974 bai haɗa da Nijeriya ba. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da maganin Mectizan kyauta. Sai dai samuwar magani daban, isarsa ga mabuƙaci daban. Shirin APOC (1995–2015) ya rage wannan giɓi da ya damƙa rabon a hannun mutanen da ƙauyawa suka zaɓa da kansu.

A taƙaice, duk binciken lafiyar al'umma da bai tambayi sana'ar majinyaci da nisansa da hanya ba, rabin aiki ya yi.